Ƙafar Tela da Kwalaben Waje

Akwai wani tela mai ciwon suga, ɗansa yana dako a ƙasar waje. Duk wata sai yaron ya turo kuɗi, ya bugo waya ya ce, "Baba, wannan na asibiti ne. Don Allah kada a taɓa."

To jama'a, tun da kuɗin nan suka fara shigowa kan tela ya kumbura. Har a unguwa aka laƙa masa suna Uban Ɗan Waje, shi kuwa daɗi kamar ya kashe shi.

Wata rana ya taka allura a shago. Ɗan ciwo ne ƙarami a ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita, amma ya ƙi warkewa.

'Yarsa ta ce, "Baba, mu je asibitin unguwa a duba ƙafar nan."

Ya ce, "Ni? Ɗana yana waje, in je in bi layi da kati a hannu kamar marar gata? Maganin waje zan sha."

Sai ya kwashe kuɗin asibitin ya kai wa wani mai tallan kwalabe masu ƙyalli, waɗanda ko rubutun jikinsu ba ya iya karantawa. Ya jera su a kan kanta don masu kawo ɗinki su gani.

Ƙafa kuwa sai kumbura take. Ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya ɗingisa gida, ya dawo shago, ya naɗe ta da ragowar yadi, ya fesa turare don wari. In ɗan ya kira ta bidiyo, sai ya tura ƙafar ƙarƙashin keke, ya washe baki. "Lafiya lau, likita ma ya yaba."

Tsoro ya hana 'yar sukuni. Ran nan ana cikin kiran, ta fizge wayar ta juya ta ƙasa. "Yaya, dubi abin da Baba ke ɓoye maka!"

Da yaron ya ga ƙafar, sai ya fashe da kuka.

A ranar aka kai shi asibitin nan da ya raina. Likita ya kwance yadin, ya girgiza kai. "Da kun zo da wuri, wanki da ƙwaya sun isa. Yanzu sai dai a yanke."

Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Da ya farfaɗo, 'yar ta kara masa waya a kunne. Ɗan ya ce, "Baba, wuni nake a tsaye ina ɗaukar kaya, don kai ka tsaya da ƙafarka."

Keken tela na nan a shago har yau, an rufe shi da zane.

Darasi: Kuɗin da na waje ya turo don magani guminsa ne, a kai su asibiti tun ciwo yana ƙarami, kuma a daina ɓoye masa gaskiya. Bin layi bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Ku tura wa duk gidan da ke da ɗa a waje.