Manoman da Dakta Talha Ya Rubuta

Jama'ar wannan shafi, na rantse da Allah ba za ku yarda da labarin nan ba. Ni kaina da aka yi da ni, wani lokacin sai na shafa ƙeyata nake yarda.

Akwai wani malamin jami'a ɗan Kankiya, Dakta Talha, mai koyar da yadda ake tattara bayanai da sarrafa su a kwamfuta. Ajinmu ɗaya a sakandare. Ni na ajiye biro a aji uku, don na ga malaman ba su da abin da za su ƙara mani. Shi ya zarce har ya zama dakta.

A jami'arsu ba yawan koyarwa ake dubawa ba, yawan binciken da malami ya buga a mujallu ake ƙirgawa. Da shi ake gwada jami'a da jami'a, kuma tasu Talha na can ƙasa. Shugaban sashensu, Farfesa Zainul Abidin, ya ce duk wanda bai buga sabon bincike a shekarar ba, aikinsa na cikin hatsari.

Sai Talha ya shirya bincike kan yadda manoman Kusada ke amfani da waya wajen sanin farashin hatsi. Ya buga takardun tambayoyi ɗari biyu, ya neme ni.

"Audi, kai ka san ƙauyukan nan lungu-lungu. Mutane sun ce kar in ba ka aikin bin gidajen manoma da takardun nan, amma ni na san ka tun muna yara."

Na ce, "Dakta, kwantar da hankalinka. Ko akuyar Yashe ta san muryata."

Gida uku na shiga rana ta dake ni. Sai na sami inuwar wani mangwaro a bakin hanya, na baje takardu in cike su da kaina. Wahalar ɗaya ce: kowace takarda na son suna da unguwa. In na sa sunan mai rai, wata rana zai ce ba a tambaye shi ba. To ni ban taɓa fashin zaman makoki a ƙasar Kusada ba, saboda gumba da goro. Sunayen mamata na nan a kaina reras.

Kwana huɗu na gama. Malam Manu da ya rasu bara, na rubuta kullum sai ya duba farashin dawa a waya. Tsoho Ɗanmaliki, wanda har ya bar duniya rediyo ma tsoronta yake, na ba shi waya biyu. Ina rubutu ina dariya har da hawaye.

Talha ya karɓa yana sa mani albarka. Bayan wata bakwai binciken ya fito a wata mujallar ƙasar waje: manomi tara cikin goma na sayar da hatsi ta waya! Jami'a ta yi ta shela. Ni kuwa a teburin mai shayi sai in ce, "Ku riƙa gaishe ni, Turawa na karanta rubutuna."

Ana nan sai wata ƙungiya ta ce za ta raba wa waɗannan manoma sababbin wayoyi, kowa a hannunsa. Talha ya ce in yi masu jagora. Na ɗauka hoto kawai za a yi a ci shinkafa, na zuba babbar riga na shiga gaban mota.

Aka taru a ƙofar mai unguwa, a wata unguwa kusa da Yashe. Farfesa na zaune, baƙi na zaune. Talha ya miƙe da takarda, fuskarsa sai ƙyalli take.

"Malam Manu na Bakin Rijiya."

Taro ya amsa baki ɗaya, "Allah shi jiƙan shi."

Talha ya ɗan tsaya, ya zaci bayan binciken mutumin ya rasu. Ya ci gaba.

"Ɗanmaliki."

"Allah shi jiƙan shi."

"Babba Sada."

"Allah shi jiƙan shi, shi kyauta namu zuwan."

Suna goma sha ɗaya ya kira, addu'a goma sha ɗaya aka yi. Talha ya sauke takardar. Mai unguwa ya ce, "Dakta, wai mi ya kawo ku, rabon waya ko ta'aziyya? Babba Sada shekara tara ke nan da muka kai shi."

Wata tsohuwa, Hawwa'u, matar marigayi Manu, ta fashe da kuka daga bayan zana. "Ku bar mani shi ya kwanta! Mi ya yi maku?"

Farfesa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. A gaban kowa ya ce, "Talha, ka zubar da mutuncin jami'a. Binciken za a janye shi. Kai kuma gobe ka kawo makullin ofis."

Talha bai kare kansa ba. Ni kawai ya juyo ya kalla.

"Audi, shekara ashirin na yi ina karatu."

Ban tsaya jin sauran ba. Na tattare riga na faɗa gonar gero, amma babbar riga ba ta gudu ba ce. Dawuda, ɗan Malam Manu, wani ƙato mai dakon buhuna, ya damƙo ni ta ƙeya, ya jawo ni a ƙasa har gaban mai unguwa. Yara na ihu, mata na tofa mani yawu.

Mai unguwa ya ce, "Kafin mu miƙa ka ga hukuma, gidajen nan ɗari biyu za ka bi da ƙafa, ba takalmi. Kowane gida ka durƙusa ka faɗa masu abin da ka yi da sunan mamacinsu. Dawuda, kai za ka raka shi."

Dawuda ya karyo tsumagiyar dalbejiya, ya gwada ta a iska.

"Tashi, marubucin Turawa. Da gidanmu za a fara."

Darasi: Wanda ya yarda da kai alhali kowa ya ce kar ya yarda, kada ka mai da shi abin wasa. Dariyata ta kwana huɗu ta rushe karatun mutum na shekara ashirin, kuma har yau Talha bai koma aji ba. Ku kuma malamai, gaggawar buga bincike a mujallu kada ta hana ku zuwa ku ga mutanen da kuke rubutu a kansu da idonku. Ku tura wa duk wanda aka ba amanar aiki.