Ƙuli-ƙulin Beguwa

An yi wata Beguwa a bakin wani daji, Allah ya ba ta haƙora masu ƙarfi da kuma kunnen ƙashi. In ka ba ta shawara, kafin ka rufe baki ƙayoyin bayanta sun miƙe tsaye. Maƙwabcinta Kurege ne, sarkin tambaya, ko ganye ne ya faɗo sai ya ji daga wane reshe. Na ukunsu Hankaka, mai shelar dajin, uban surutu.

A shekarar nan gyaɗar Beguwa ta yi kyau. Ta cika rumbu, ta kuma ware buhu guda na iri don shukar baɗi.

Wata rana Hankaka ya sauka a kan dangarta ya ce, "Yaya Beguwa, kina zaune kan arziki kina gyangyaɗi! Kasuwar Gindin Rimi cike take maƙil, amma na zaga ta kaf, babu mai ƙuli-ƙuli."

"Ko ɗaya?"

"Ko rabin ɗaya!"

Beguwa ba ta jira ƙarin bayani ba. Ta hura wuta, ta soya gyaɗa, ta niƙa, ta matse mai, ta shiga mulmula tunkuza. Da rumbu ya ƙare sai ta tsaya tana kallon buhun iri. Zuciyarta ta ce mata kasuwa guda ba ta da mai ƙuli, ai zunubi ne a bar buhu yana barci.

Tana cikin kwance bakin buhun Kurege ya leƙo.

"Sannu da aiki, Yaya. Wannan ba irin shuka ba ne?"

"In na dawo kasuwa zan sayi buhu goma."

"To madalla. Kin taɓa zuwa kasuwar kuwa?"

"Sai na je zan san ƙulina na da daɗi?"

"Wa ya ɗanɗana miki?"

"Ni da kaina!" Ta jefa guda a baki, ƙurus, ƙurus. Gaskiya ƙulin ya soyu, ya yi tauri kamar tsakuwa, yadda take so.

Kurege ya sosa kunne ya ce, "Ni abin da ya ɗaure min kai, me ya sa duk girman kasuwar nan babu mai..."

Ƙayoyi suka miƙe. "Baƙin ciki! Hassada! Fita min daga gida, mai jela kamar tsintsiya!"

Kurege ya haɗiye sauran maganarsa ya fita. Zagin jelar nan ya yi masa zafi ƙwarai, domin duk duniya ba abin da yake ji da shi kamarta.

Beguwa ta mayar da irin nan kaf ƙuli, sannan ta kira Hankaka, ta ba shi tulun man da ta matse gaba ɗaya ladan shela. Ya shafe fukafukansa suna ƙyalli, ya tashi yana kwarara ihu: "Sabon abu! Ƙuli-ƙulin Beguwa, mai ƙara a baki! Kowa ya zo ran kasuwa!"

Ranar kasuwa ta ɗauki kaya niƙi-niƙi. Kurege na biye da ita daga nesa, rataye da buhunan da ba komai a ciki.

Ta tarar da taro ya yi taro. Ga kaji, ga zabi, ga agwagi, ga tattabaru da kurciyoyi, kowa na miƙa wuya. Daɗi ya kama ta har ba ta lura da komai ba.

Bisa al'adar kasuwar, Sarkin Kasuwa ne ke fara ɗanɗana sabon kaya. Zakara ne, mai jan rawani da son girma. Ya gyara tsayuwa ya kai sara. Ƙwas! Ƙulin ya yi tsalle ya bugi wata Zabuwa a goshi, Sarkin Kasuwa kuwa ya koma da baya yana ganin taurari.

Agwagwa ta ce, "Ku matsa, ba ku iya ba." Ta haɗiye guda ɗungurungum, ya tsaya mata a wuya. Sai da aka yi ta dukan bayanta kafin ya fito.

Beguwa ta fusata. "Wane irin ƙauyanci ne wannan? Tauna shi ake yi!"

"Da me?" in ji Zabuwa tana shafa goshi.

"Da haƙori mana!"

Zabuwa ta wage baki ta ce, "Leƙa, baiwar Allah. In kin ga guda ɗaya, na ba ki kyauta."

Beguwa ta dubi hagu, ta dubi dama. Kasuwa kaf tsuntsaye ne. Kunya ta rufe ta. Ta juya kan Hankaka.

"Maƙaryaci! Ka cuce ni!"

"Ni? Cewa na yi babu mai ƙuli, kuma ga shi babu. Kin tambaye ni dalili? Ni kaina ban taɓa cin abin nan ba."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Beguwa ta yi fatali da faranti. Kurege ya matso a ladabce ya ce, "Yaya, a taya ki kwashewa?"

"Kwashe ka kai bola! Kada in sake ganinsa!"

Kurege ya kwashe tas, ko ɓarɓashi bai bari ba. Bai kai bola ba. Ya kai gida ya zuba a turmi. Ya daka kaɗan ya kai wa Kurciya, ta ce ya yi girma. Ya ƙara dakawa ya kai wa wata kaza mai 'yan tsaki, suka cinye suna neman ƙari. Sannan ya dake sauran.

Da kasuwa ta zagayo, Beguwa ta ji muryar Hankaka daga sama: "Garin ƙuli na Malam Kurege! Ko ɗan tsako zai iya!" Ta ruga, ta tarar ana turereniya.

"Ɓarawo! Ƙulina ne!"

"Naki yana bola, Yaya. Da bakinki kika aika shi, Sarkin Kasuwa shaida ne."

Zakara ya gyaɗa kai kawai, don har yanzu bakinsa ciwo yake.

Ba a daɗe ba ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita gona, Beguwa ta shiga rumbu ta fito da ƙura a hanci. Ta kwantar da ƙayoyinta, ta tafi gidan Kurege ta yi sallama a hankali.

"Malam Kurege, ko za a taimaka min da iri?"

Kurege ya ce, "Iri akwai, Yaya. Sai dai kasuwa ta buɗe, har na soya sabon ƙuli, ni kuma hannuna ya gaji da daka." Ya miƙa mata taɓarya.

Haka Beguwa ta yi ta daka wa Kurege ƙuli don mudun iri ɗaya. Ranar da ta samu ta shuka nata, gyaɗar maƙwabta har ta fara fure.

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka kai kaya kasuwa, je ka ga masu saye da idonka, ka tambayi abin da suke so, ka gwada da kaɗan. Abin da ya yi maka daɗi ba lallai ya shiga bakin wani ba. Kuma kada ka taɓa irin shukarka saboda shelar da ba ka bincika ba.