Gishiri a Tokar Lambu

Akwai wani mai soya, wato tsire, a unguwarmu ta Birik, nan Yawunde, ana ce masa Taufiƙ. Namansa akwai daɗi, wannan ba musu. Amma riƙo! In ka taka shi bara, bana sai ya rama.

A fadamar bayan Nkomkana kuma akwai wani dattijo mutumin Garwa, Mohaman Bello, yana noman lambu. Ba ya sa takin zamani, ba ya feshi. Kashin awaki yake zubawa, sai tokar masu soya da yake bi yana karɓa duk Laraba, ya barbaɗa wa ganye saboda ƙwari.

Duk Juma'a yakan ɗaure alayyahu, yakuwa, tumatir da albasa, ya kai gidaje talatin da ba kullum suke ɗora tukunya ba. Kyauta. Kuma ba ya faɗin gidan kowa, don kada asirin mutane ya tonu.

Wata Juma'a ya tsaya da babur ɗinsa a gaban tukubar Taufiƙ. Gogan naku ya miƙa hannu ya zari ɗaurin albasa, wai zai yanka wa masu sayen nama.

"Ajiye, ɗana," in ji dattijon. "Wannan rabon masu yunwa ne. Kai ga tumbinka nan, ya riga ka fitowa titi."

Mutane suka kwashe da dariya. Wasa ne fa, irin na tsofaffi. Amma Taufiƙ ya ajiye albasar yana huci.

"Ni za a yi wa dariya a kan albasa? Da tokata yake noman! Wallahi sai ya gane kurensa."

Ya je kasuwar Mokolo ya sayo gishiri, ya daka shi luƙwi, ya cuɗa cikin toka. Laraba uku a jere yana miƙa buhun da murmushi.

"Ga toka, Baba, har da ƙari."

Kai, mugu bai ji daɗin halinsa ba! Rani ne, babu ruwan saman da zai wanke ƙasa. Ganye ya fara ƙonewa daga baki, tumatir ya zubar da fure, yakuwa ta kwanta. Sai da dattijon ya ɗanɗana tokar a harshensa ya gane abin da aka yi masa. To amma tokar tukuba goma ake haɗawa wuri ɗaya. Wa zai kama? Ya zauna a bakin lambun ya yi kuka, da furfurarsa.

Juma'a huɗu babu ganyen da ya shiga gidan kowa. Taufiƙ kuwa daɗi har kunne, har gyara yake yi wa masu saye.

Ana nan sai aka aiko masa cewa mahaifiyarsa, Hamsatu, ba ta jin daɗi. A unguwar Madagaskar take, tana riƙon marayu uku na ƙanwarsa da ta rasu. Tafiyar ƙafa ce, amma rabonsa da gidan tun Babbar Sallah.

Ya tarar ta rame, yaran suna cin gayan tuwon masara.

"Inna, ina miya?"

"Miya ta ƙare tun ranar da aka kashe lambun Malam Bello. Shekara biyu shi yake kawo mana. Ban faɗa maka ba, don ɗan da bai tambaya ba, ba a kai masa kuka."

Tsohuwar ta ɗaga hannu sama.

"Ya Allah, wanda ya zuba gishirin nan ban san shi ba, Kai Ka san shi. Ban yafe ba. Yadda ya hana marayun nan miya, Ka cire albarka daga sana'arsa. Kada Ka bar shi ya ji daɗin abin hannunsa."

Yaran suka amsa da amin. Ta juyo ta dube shi.

"Kai ba ka ji ba ne? Ka ce amin mana."

Ya dubi yaran, ya dubi ƙasa.

"Amin, Inna."

Darasi: Kafin ka ɗauki fansa, ka sani ba ka san bakin da ke ci daga hannun da kake shirin karyawa ba. Wanda ya kashe abincin mabuƙata, da kansa yake haƙa ramin da zai faɗa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani mai riƙo ya karanta ya sauke.