Kifi Tara Kafin Sabuwar Shekara

Akwai wani maƙwabcinmu a nan birnin Kaohsiung, sunansa Tseng Chia-hung, amma kowa A-Hong yake ce masa. Dillalin gidaje ne, kuma yana son a shigo falonsa a saki baki. Ba mugu ba ne. Gaggawa da son a yaba su suka yi masa yawa.

Bara mahaifinsa, tsoho Tseng, ya dawo gidansa da zama saboda ciwon gwiwa. Cikin 'yan kayansa akwai ƙaramin tankin gilashi mai ruwan gishiri, da kifaye biyu, irin masu launin lemo da farin ratsin nan. Marigayiya matar tsohon ce ta zaɓo su da kanta, mace da namiji, fiye da shekara goma da suka wuce. Tun da ta rasu, su yake fara gaisarwa kowace safiya.

A-Hong ya kalli tankin ya ce wannan ai kwanon miya ne. Ya sa aka haɗa masa ƙato a falo, da duwatsun teku, da murjani mai rai irin wanda yake tsirowa a ƙarƙashin teku, da shuɗayen fitilu. Tsohon bai yi musu ba. Ya jira ruwan ya zauna sosai, sannan ya yarda aka mayar da kifayensa ciki.

Sharaɗi ɗaya ya kafa. A bar ƙaramin tankin da ruwansa, kuma duk sabon kifin da aka saya ya fara zama a can na wasu makonni, a ga lafiyarsa kafin ya haɗu da na gida.

A-Hong ya ce to. Irin to ɗin nan da ake yi wa tsofaffi don su yi shiru.

Sabuwar shekararmu ta gargajiya ta matso. Tunda tsohon yana gidan, a nan dangi za su taru. A-Hong ya tsaya gaban ƙaton tankinsa ya ga kifi biyu kacal, ya ji kunya tun kafin baƙi su zo. A al'adarmu kowa ya san tara ce lambar ɗorewa, shi kuma tara yake so a ƙirga.

Ranar da shaguna za su rufe don hutu, ya je ya kwaso bakwai. A cikinsu akwai wani shuɗi mai rawayar wutsiya, kyakkyawa ƙwarai, da yake ta goga jikinsa da dutse a shagon. A-Hong ya gani, ya ce wasa yake yi.

Da ya shigo da ledojin, tsohon ya tambaye shi ina ƙaramin tankin.

"Ya tafi da sharar ƙarshen shekara, Baba. Ya tsufa."

"To zuba su a bokiti, ka sa musu iska. Kar ka haɗa su da na mahaifiyarka."

"Haba Baba. Gobe gidan nan zai cika. In ce wa mutane su leƙa bokiti? Kalle su fa, lafiyarsu ta fi tawa."

Ya kwance ledojin ya juye cikin ƙaton tankin. Tsohon ya koma kujerarsa.

Gaskiya tankin ya yi kyau. Dangi suka zo, aka ci aka sha, aka raba wa yara kuɗin barka da shekara a jajayen ambulan. Wani ƙanin mahaifinsa ya ƙirga kifayen da yatsa, ya ce tara cif, bana arziki ya zauna a gidan nan. A-Hong har kunnensa dariya yake yi.

Ba a yi kwana uku ba shuɗin nan ya fito da fararen ɗigo a jiki, kamar an barbaɗa masa gishiri.

Tsohon ne ya fara gani. Amma kwanakin farko na shekara ne, a al'ada ba a ambaton cuta, ba a ambaton mutuwa, kuma shi mutumin da ne, bai taɓa karya wannan ba. Ya haɗiye maganarsa, sai dai abinci ya daina shigar masa.

A-Hong ma ya gani. Da shuɗin ya mutu, ya tsamo shi a ɓoye. Ba a fitar da shara a kwanakin, sai ya naɗe shi a leda ya cusa cikin firiza. Matarsa Pei-shan ta je ɗauko nama ta ci karo da shi. Ta mayar, ta rufe firizar.

Mutum uku a gida ɗaya, kowa ya sani, kowa yana yi wa baƙi murmushi. Wannan wurin ne ya fi ba ni haushi a labarin, don cutar ba ta san ana hutu ba.

Wata safiya tsohon ya zo gaisuwarsa, ya tarar da macen ta bar cikin duwatsu ta hau saman ruwa tana haki, namijin yana zagaya ta. Ya kira ɗansa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa a sabuwar shekara ba.

"A-Hong, za ta mutu."

Nan idon A-Hong ya raina fata. Maganin cutar ba ya shiga babban tanki, don yana kashe murjani. Sai an ware kifi a wani wuri dabam, wurin kuma shi da hannunsa ya zubar. Shaguna a rufe. Ya hau babur yana bi gida-gida wajen masu kiwon kifi, yana roƙo cikin kunya, har wani ya ara masa tanki da magani.

Kafin su kamo kifayen sai da suka fitar da duwatsun duka. Murjanin da yake taƙama da shi ya kakkarye a hannunsa, bai ko kalla ba. Na mahaifiyarsa kawai yake nema.

An makara. Macen ta mutu washegari. Cikin bakwai ɗin da ya sayo, biyu suka tsira. Namijin ya sha wuya, amma ya tashi.

Tsohon bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi wa A-Hong sauƙi. Ya binne ta a tukunyar fure a baranda, ya wanke hannunsa.

Da shaguna suka buɗe, A-Hong ya sayo sabon ƙaramin tanki, ya ajiye shi a falo inda kowa zai gani. Ya zauna kusa da mahaifinsa, suna kallon namijin yana iyo shi kaɗai.

"Baba, in nemo masa wata? Wannan karon ba za a haɗa su ba sai ka ce."

Tsohon ya girgiza kai.

"Bar shi haka," ya ce. "Yanzu ni da shi daidai muke."

A-Hong ya sunkuyar da kai. Pei-shan ta ce tun da ta aure shi, ranar ta fara ganin hawayensa.

Darasi: Kar ka sa abin da wani ya daɗe yana tattali cikin haɗari don a yabe ka na yini ɗaya. In wanda ya riga ka sanin abu ya ce ka jira, ka jira. In kuma ka ga ɓarna ta fara, ka yi magana tun tana ƙarama, ko da ranar biki ce. Tura wa wanda ka san gaggawa tana cin sa.