Nomau da Zalɓe a Wuyan Tulu

Ga ta nan, ga ta nanku, yanzu na tsamo ta daga ruwa.

Ta zo mu ji ta, ko da tana ɗiga.

An yi wani mutum ana ce masa Nomau. Manomi ne, ubansa manomi, kakansa manomi, bai san komai na ruwa ba sai na sha da na alwala. Wata shekara kogi ya yi ambaliya ya cinye masa gona, gero da dawa, har ɗan rumbun da ke bayan ɗaki. Ya rage daga shi sai matarsa da 'ya'ya huɗu, sai wani tsohon kwalekwale da kawunsa ya mutu ya bari a gindin giginya.

Da yunwa ta kai yunwa, matar ta ce masa ruwan da ya ci gonar ai akwai abinci a cikinsa. Nomau ya toshe ɓarakar jirgin da tsumma da ƙaro, ya samo filafili na tuƙi da 'yar fatsa, ya tura.

To, kafin a kai babban tafki sai an bi wata siririyar hanya a tsakanin ciyawa, ana ce mata Wuyan Tulu. Jirgi biyu ba sa jerawa a cikinta sai sun gogi juna. Kifi kuwa yana son wurin saboda inuwa, shi ya sa ba a rasa masunta a ciki, kowa ya kama gefensa ya yi tsit.

Nomau ya zo bakin hanyar ya hango mutum a gaba, sai ya tsaya. Bai san yadda ake wucewa ba, kuma ba ya son ya fara da laifi. Ya duba gefe, ga Zalɓe a inda ruwa bai wuce idon sawu ba. A wancan zamani Zalɓe malalaci ne, wuyansa gajere, ba ya iya jiran kifi. Nomau ya gaishe shi, ya gaya masa shi baƙo ne, ya roƙe shi ya koya masa ladabin wurin.

Zalɓe ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ka tambayi ɗan gari. Masunta abu ɗaya suka tsana, a zo musu a ɓoye kamar ɓarawo. In za ka wuce, doki ruwa da ƙarfi, ka ɗaga murya, ka wuce da sauri kada ka tsaya musu a kai."

Har waƙa ya koya masa:

Fac, fac, ga baƙo tafe,
Fac, fac, ba ɓarawo ba ne.

Ku kun san abin da Zalɓe yake so? In aka doki ruwa kifi ya firgita, ba inda yake gudu sai gefe, inda Zalɓe yake. Ba wahala, sai tsinta.

Ranar farko Nomau ya tarar da wani ƙaƙƙarfan masunci mai suna Hakilu, yana tsaye a jirgi da birgi a kafaɗa, wato ragar nan da ake watsawa. Tun hantsi yake kallon garken ƙarfasa suna taruwa, saura kaɗan ya jefa. Sai ga Nomau.

Fac, fac, ga baƙo tafe,
Fac, fac, ba ɓarawo ba ne.

Ƙarfasa suka watse. Hakilu ya ɗaga hannu yana tsai da shi, Nomau ya ɗauka gaisuwa ce, shi ma ya ɗaga nasa ya wuce. Da yamma ya ba Zalɓe labari, Zalɓe ya ce ɗaga hannu godiya ce a wurin masunta, gobe ya ƙara ƙarfi.

Rana ta biyu ya tarar da Gwaggo Yalwa, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata jirgi da fatsa. Tana zaune, ƙwaryar tanar da take sa wa ƙugiya tana kan gwiwarta. Nomau ya zo da waƙarsa, igiyar ruwa ta girgiza jirginta, ƙwaryar ta kife a ruwa, tanar da ta kwana biyu tana tonowa ta tafi. Gwaggo Yalwa ta riƙe baki tana binsa da kallo. Zalɓe ya ce mamakin gwaninta take yi, gobe ya ƙara ƙarfi.

Shi Nomau fa ba wani abin kirki yake samowa a tafkin ba. 'Yan ƙananan kurungu biyu ko uku, a raba wa yara, shi da matar su sha romo. Amma yana komawa gida da farin ciki, yana cewa mutanen ruwa sun karɓe shi.

Rana ta uku, a inda Wuyan Tulu ya fi matsewa, akwai wani tsoho, Baba Arzika, wanda ganinsa ya yi rauni, da yatsa yake jin motsin kifi a zare. An haifa masa jika, suna saura kwana biyu, ba shi da abin da zai ba baƙi. Kwana uku yana zuba dusa a wuri ɗaya yana lallashin wani ƙaton kifi, ragon ruwa. A safiyar nan kifin ya haɗiye ƙugiya. Tsoho yana ja a hankali, yana saki, yana ja, zaren ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan.

Fac, fac, ga baƙo tafe,
Fac, fac, ba ɓarawo ba ne.

Filafilin Nomau ya sauka a kan zaren, ya tsinke.

Baba Arzika bai yi zagi ba. Ya naɗe guntun zaren a yatsa, ya zauna yana shafa shi, hawaye na bin gemunsa. Nomau ya waiwayo don ya karɓi godiya, ya ga haka, waƙar ta mutu a bakinsa. Wannan kam ko Zalɓe ba zai ce masa murna ce ba.

Da azahar masunta suka taru a kwata, inda ake ɗaure jirage. Hakilu ya ce a fasa jirgin baƙon nan, a hana shi ruwa har abada. Da yawa suka goyi bayansa. Nomau yana durƙushe, yana tunanin abin da zai gaya wa yara huɗu.

Sai Gwaggo Yalwa ta ce a dakata. Ta ce ita ta ga mugaye a ruwa, amma ba ta taɓa ganin mugu yana sanar da zuwansa da waƙa ba. Ta juya gare shi ta ce, "Ɗana, wa ya koya maka wucewa haka?"

Nomau ya faɗi komai, tun daga gonar har zuwa Zalɓe.

Aka ɗunguma zuwa bakin Wuyan Tulu. Ga Zalɓe zaune a taɓo, ciki ya yi tulu, ya buɗe fiffike ya kasa tashi. Ya rantse shi azumi ma yake yi, bai taɓa ganin mutumin nan ba. Yana cikin rantsuwa shaƙuwa ta kama shi, ƙarfasa ta faɗo daga bakinsa. Ya ce wannan ta jiya ce. Ya sake shaƙuwa, wata ta faɗo. Ya ce ta shekaranjiya ce. Ta uku kuwa da ranta ta faɗo, tana wutsil-wutsil.

Hakilu ya cafki wuyansa ya ja, ya ja, har wuyan ya miƙe kamar gora. Nomau ne ya riƙe masa hannu, ya ce a bar shi da ransa, shi ya san abin da ciki yake sa mai shi. Baba Arzika ya ce to an bar shi, amma daga yau zai ci irin cin masunta: ya tsaya, ya yi shiru, ya jira. Kuma ko inuwar mutum ce ta gitta, abincinsa ya gudu, don ya ji yadda abin yake.

Washegari Baba Arzika ya ce Nomau ya shigo jirginsa ya riƙe masa ciyawa kada ruwa ya ja su. Suka koma wurin nan suka zauna. Ragon ruwa bai dawo ba. Rana ta take, bai dawo ba.

Can sai ga Hakilu tafe. Tun daga nesa ya cire filafili daga ruwa, ya bar jirgin yana tafiya da kansa. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya tambaya ta ina zare yake. Tsoho ya ce ta dama. Hakilu ya bi ta hagu, ta bayansu, yana jan ciyawa da hannu, ko kumfa bai tayar ba. Da ya zo daidai su, ya ajiye tarwaɗa guda a jirgin tsoho, ya wuce. Gwaggo Yalwa ta zo, ta ga ba hanya don tsoho yana gyara ƙugiya, ta tsaya ta jira har ya gama, sannan ta wuce, ita ma ta ajiye nata. Haka kowa ya yi ta yi. Nomau yana kallo, ba wanda ya ce masa ga yadda ake yi.

Kafin la'asar cikin jirgin ya cika. Baba Arzika ya laluba, ya ware manya guda biyar ya tura gaban Nomau. Nomau ya ce shi bai cancanta ba, shi ne ya jawo asarar.

Tsoho ya ce, "Ba kai na ba ba, yaran na ba. Gobe ku zo suna gaba ɗayanku. Jibi kuma ka zo da wuri, akwai wani lungu da zan nuna maka, tun da ka iya zama shiru."

Aka yi suna, baƙi suka ci suka ƙoshi, 'ya'yan Nomau har da lasar hannu.

Shi kuwa Zalɓe, in kun je bakin ruwa za ku gan shi da dogon wuya, tsaye a ƙafa ɗaya, ba motsi, yana jira. Ku ma kada ku jefe shi, ya sha nasa.

To, yara, in kun tarar da mutum a bakin neman abincinsa, ku rage sauri, ku yi sallama, ku tambayi ta inda za ku bi. In kuma za ku tambayi hanya, ku duba ko mai nuna muku yana da abin ci a ɓatanku.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Wanda ya ji ƙaya ya tofar, ya haɗiye tsokar.