Goyon Mai Santsin Baya

A wani zamani da ya shuɗe tun kafin kakannin kakanninmu, an yi wani sarki mai suna Mazadu a bakin teku, wanda ba shi da magaji sai 'ya guda, Gimbiya Tasalla. Wata rana da hantsi tana cikin kwalekwalen sarauta, aljanin ruwa ya miƙo hannu ya sure ta.

Aka gurfanar da matuƙinta, Barau, a gaban sarki. Bokan fada ya ce, "Ranka ya daɗe, aikin masu santsin baya ne, dabbobin ruwan nan masu shaƙar iska irin ta mutum. Kifin kirki ba ya rasa ƙaya a gadon baya. Dawakin aljanu ne!"

Sarki ya ce, "Barau, ka soko min uwarsu, ka dawo da 'yata kafin la'asar. In ba haka ba, kanka zai biya."

Wayyo Barau! Ya tuƙa shi kaɗai. Can sai ga uwar masu santsin bayan ta ɓullo, toka-toka, sumul. Ya ɗaga mashi, sai ya hangi tabon igiya a wuyanta. Ashe ita ce wadda ya yanke wa tarunsa bara, ya sake ta. Ita ma ta shaida shi sarai. Ta tunkuyi kwalekwalen, ta yi gaba, ta waiwayo, har sau uku.

Ya bi ta, yana salati. Ruwan ya yi duhun da ido ba ya ratsawa, amma ita ba da ido take nema ba. Ƙas-ƙas-ƙas take yi, tana sauraren abin da ya dawo mata. Ta nutse. Ruwa ya tafasa, aljanin ya kurma ihu, Barau ya kife a cikin kwalekwale, ya sadaƙar ya mutu.

Da ya ɗago, sai ga Gimbiya kwance a bayan dabbar, a daidai gurbin da take goya ɗanta, tana tari da ranta.

Sarki ya kori boka, ya haramta taɓa masu santsin baya har abada, ya aura wa Barau Gimbiya. Ranar ɗaurin aure ta ce, "Ya mahaifina, da akwai ƙaya a bayan dabbar nan, da a ina zan kwanta?"

Sarki ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a gemunsa.