Ranar da Na Sallama Allurar Tasi'u

Sunana Safara'u, mai daddawa a kasuwar Wudil. Tun da mijina Malam ya rasu ban roƙi kowa ko gishiri ba, kuma ba a haifi wanda zai ƙware ni a ciniki ba. Aibina ɗaya ne. Duk abin da ba ya shiga baki ko aljihu, ban yarda daɗi ba ne.

Ɗana Tasi'u ɗinkin hannu yake yi a zaurenmu na Sabon Gari. Riga ɗaya mai aska takwas sai ta ci masa wata uku. In ya duƙa a kanta sai ya ɗaure fuska, ya cije leɓe, tuwo ya huce a gabansa har kaji su fara leƙe.

"Kai, wannan wace irin azaba ce?"

"Inna, ba azaba ba ce. Ban ma san la'asar ta yi ba."

"Wanda bai san la'asar ta yi ba ai marar lafiya ne."

Shekarar da soja suka koma bariki, Alhaji Ƙasimu dillalin shanu ya ci kansila. Da ya zo zaurenmu karɓar rigar rantsuwa, sai ya ce yana son Tasi'u a kusa da shi. Ba wani aiki, jaka kawai zai riƙe.

Ni na yi cinikin. Ya ce ci da sutura, na ce albarka. Ya ɗora albashi, na ce albarka. Sai da ya ƙara da babur, sannan na ce na sallama.

Tasi'u ya ce, "Inna, akwai rigar da ban gama wuyanta ba."

"Wuyan ya ci kansa. Ubanka a kan allura ya ƙare, me ya bari? Tashi ka je ka ji daɗi."

Ya kuwa ji. Tsire, lemo mai sanyi, fanka, kallon bidiyo. Ya yi kumatu, ina nuna wa mata shi a kasuwa. Amma naman da ya sa shi lumshe ido a watan farko, kafin shekara tura shi gefe yake yi. Daga wannan majalisa sai waccan, ko'ina ya zauna hamma yake.

Bayan shekara huɗu Alhaji ya faɗi zaɓe, aka watse. Na je da kaina na sayo zaren tsamiya da shadda, ko ragi ban nema ba, har mai rumfar ya tambaya ko lafiya. Tasi'u ya zauna a zaure. Bai ƙare zare ɗaya ba ya miƙe, wai ya ji ƙarar mota. Ya dawo, ya warware, ya sake miƙewa. A kwana na uku ya soke allurar a tabarma.

"Inna, hannun bai manta ba. Zaman ne ya tafi. Da, in na shiga ɗinki, ba ni ba yunwa, ba ni ba duniya. Yanzu ina ɗinki ina jiyo ƙamshin tsiren bakin titi. In na je na ci kuma, ba na jin komai."

"To faɗa min abin da zan sayo maka."

"A wace rumfa, Inna?"

Yau shekara biyu. Waɗanda suka koyi ɗinki tare da shi kowa da zaurensa cike. Shi kuwa a bakin gada yake wuni, yana bin manyan motoci da ido. Ni na yi wannan ciniki, da bakina.

Ku da za ku karanta, ku ji daga wadda ta gani. Daɗi biyu ne. Akwai wanda ake miƙo maka kana zaune, yau zuma, gobe lami. Akwai wanda mutum yake haƙowa da guminsa, kullum ƙara zurfi yake. In kun ga naku ya nutse a aikinsa har ya manta cikinsa, kada ku ce wahala yake sha, kada ku tashe shi. In wannan ya zube, ba kasuwar da ake samunsa.